Ni Na Kai Makaɗa Ƙofar Bahago

Abdullahi ɗana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaishe da kawunka Sani da mutanen gidansa da suka ba ka masauki tun ranar da ka fice mini daga gida kana huci. Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, lafiyar gaske, ba irin wadda kake cewa kana da ita ba in an tambaye ka. Innarka tana gaishe ka. Ita ta ce in rubuta, wai in na buɗe baki faɗa nake yi, kai kuma kunnenka toshewa yake da zarar na ɗaga murya. Ta yi gaskiya. Amma kada ka ɗauka don na riƙe biro fushina ya sauka. Yana nan daram, sai dai ba duka ne naka ba.

Na ji ranar Alhamis za ka hau mota zuwa Legas, gidan damben mutumin nan da ya ga bidiyonka a waya ya aiko a kira ka. Abu guda ya zaunar da ni rubutu. Wuyan hannunka na hagu ba lafiya, kana ɓoyewa, kuma da shi kake shirin shiga fage. Kada ka fara yi mini rantsuwa. Na sani, kuma zan gaya maka yadda aka yi na sani, amma sai ka fara jin abin da ubanka ya aikata.

Yau kwana tara da muka binne Bahagon Kurgu. Kai ka san shi tsoho mai tiren goro a bakin tashar Bagudo, hannu ɗaya kullum cikin riga. Ni na san shi ina ɗan shekara goma, lokacin da daga nan har Kamba, har ƙetaren iyakar Benin, babu ɗan damben da ake kiran sunansa kamarsa. In kaka ta yi aka ce Bahago zai yi wasa bayan la'asar, sai mu watsar da tsaron gero mu bar wa tsuntsaye, mu kama hanya da ƙafa. Ba shi da tsalle-tsalle irin naku na yanzu. Zagayawa yake a hankali, tafin dama a buɗe a gaba, hagun a saƙale can baya kamar ya manta da shi. Sai ka ji tim, mutum yana ƙasa, kai da ka zuba ido ma ba ka ga tasowar hannun ba. Duk yaran unguwarmu muka koma ɗaure hannun hagu da tsumma, har da waɗanda ko tuwo ba su iya kaiwa baki da hagun. Kakanka ya zane ni a kan haka ba sau ɗaya ba, ban daina ba.

Tun ranar da ya rasu wayata ba ta huta ba. Tsohon hotonsa guda, wanda ya koɗe, shi ake ta turowa, a ƙasa an jera fuskoki masu hawaye. Wannan ya rubuta gwarzonmu ya tafi, wancan ya rubuta yau ƙuruciyarmu ta mutu. A wurin jana'iza na ga maza masu furfura suna kuka har da shessheƙa, sun zo daga Kamba, daga Dole Kaina, daga ƙetare. Ban ce kukan ƙarya suke ba, ni ma na yi. Amma ina kallonsu zuciyata tana tafasa, don na san su ɗaya bayan ɗaya. Mutanen nan shekara talatin suna wuce shi a tasha. Wani a cikinsu ko goron naira bai taɓa tsayawa ya saya ba, balle ya tambaye shi ya jiki. Da aka tashi rubuta ta'aziyya sai da aka yi ta tambaya wai menene sunan mahaifinsa, 'ya'yansa nawa. Ba wanda ya sani, kuma ni da nake maka wannan bambami, a cikin masu tambayar nake.

Hannu muka so, ba mutum ba. Ka riƙe wannan tun kafin ka sauka a Legas. Za ka ga masu sonka fiye da yadda ka taɓa gani, za su ɗauke ka a kafaɗa, za su rantse da kai. Ka karɓa da fara'a, amma ka riƙa lura da wanda ya taɓa tambayarka ko ka ci abinci. Shi ne naka, kuma ba za ka same su da yawa ba.

Yanzu ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko innarka rabin labarin ta sani.

Ina da shekara ashirin da 'yan kai na zama shugaban samarin da ke bin Bahago duk inda za shi. Mu ne masu ihu, mu ne masu zagin 'yan wani gari. A kakar wata shekara ya yi wasa a nan Bagudo, ya kai bugu, abokin karawarsa ya sunkuya, hannun ya sauka a tsakiyar kai. Ƙashin wuyan hannu ya tsage. Mai ɗori ya jera masa kara ya ɗaure, ya ce kwana arba'in ko buta kada ya ɗauka da shi. Bai cika kwana goma ba sai ga labari daga Lolo, kasuwar kan iyaka. Wani ƙato ɗan Dandin Benin ya ƙetaro kasuwa da makaɗansa, yana cewa an gaya masa a wannan ɓangaren akwai wani bahago, ya zo ya duba bai ga kowa ba. Zai dawo kasuwa mai zuwa, in ba a fito ba a daina kiran sunan Kurgu a gabansa.

Na ji zafi kamar ubana aka zaga. Muka yi ayari muka je Kurgu muka same shi. Ya saurare mu tsaf, ya nuna mana ɗorin, ya ce a gaya wa baƙon ya jira kwana talatin, dambe ba ya ƙarewa. Magana ta hankali. Ni ne ban da hankali a ranar.

Kai ɗan dambe ne, ka fi ni sanin abin da take yake yi wa ɗan dambe. Kowa da nasa kiɗan, kuma in ya ji shi jikinsa ya ɗauki tsuma, ba shi ke da kansa ba. Shi ya sa makaɗin kirki ba ya buga taken mutum sai a fage. Na san haka sarai, kuma saboda na sani ne na yi abin da na yi. Safiyar kasuwar Lolo na ɗauko masu kalangu uku na tsayar da su a ƙofar gidansu. Babbansu ya yi tirjiya, ya ce ba a buga take a ƙofar majinyaci. Na ce masa in bai buga ba, samarin Bagudo ko bikin suna ba za su sake kiransa ba. Ya kalle ni, ya gyara kalangu a hammata.

Mahaifiyar Bahago ce ta fara fitowa, tsohuwa, da muciya a hannu, ko mayafi ba ta tsaya ɗauka ba.

"Ku ji tsoron Allah, ɗiyana," ta ce. "Hannun ga bai kama ba. Ku bar min shi."

Na kau da kai, na yi wa makaɗan alama su ƙara. Ba a jima ba Bahago ya fito yana rawar jiki, idanunsa sun kaɗa, ya sa wuƙar fawa ya yanke ɗorin da kansa. Ni na riƙe bakin zaren ana naɗe masa hannu, ina jin zafin kumburin a yatsuna, ina ta murmushi. A turmi na biyu ya kai baƙon ƙasa. Muka ɗauke shi a kafaɗa muka zagaya kasuwa, yana nishi a saman kaina ina cewa gajiya ce. Da aka zo kwance zaren ya ƙi, ya nutse cikin nama, sai yankawa aka yi. Aka sake ɗori bai kama ba, aka sake na uku. Yatsun suka naɗe suka bushe, ba su ƙara buɗewa ba.

Ka san Bahago bamahauci ne, ɗan mahauta. Da hagu ake riƙe nama, da dama ake yanka, don haka sana'ar gidansu ta fi ƙarfinsa. Fartanya ma hannu biyu take so. Akwai kuma abin da ba a faɗa a taro, amma kai namiji ne zan faɗa maka: hagu shi ne hannun da Musulmi ke tsarki da shi. Ka zauna ka yi tunanin shekara talatin a haka, sau biyar a rana. Wannan na saya masa da kiɗan safiya ɗaya, don kada wani ɗan Benin da ko sunansa ban riƙe ba ya yi mana dariya a kasuwa.

A Legas za a buga maka take. Za a samu mai baki irin nawa ya zo ya ce mutuncin Kabi gaba ɗaya yana kan hannunka, ya ce in ba ka fito ba za a ce 'yan Bagudo matsorata ne. In ya fara, ka dubi hannuwansa. Za ka ga duka biyun lafiya lau, kamar nawa. Ka tashi ka bar wurin tun kafin makaɗi ya gyara zama, don in kiɗan ya shiga kunnenka ka riga ka makara. Kuma duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ko allura wai ta kashe zafi ka shiga ka gama, ka sani zafin kaɗai take kashewa, ƙashin yana nan yana ci gaba da tsagewa.

Ka ɗauka bayan haka na je na durƙusa na ba shi haƙuri? Kaka mai zuwa mun samu sabon gwani muna ihu a bayansa. Da Bahago ya koma sayar da goro a tasha sai na canja hanya. In zan kai albasa kan iyaka, sai in sa a kai mini buhuna can bakin gari in tari mota a hanya, don kada mu haɗa ido. In na hango shi a masallacin Juma'a in koma wani sahu. Na sa wa abin suna kunya, na yi ta lallaɓa shi da wannan suna har gemuna ya yi fari. Ba kunya ba ce, ragwantaka ce. In ka cuci mutum, Abdullahi, ka je masa abin yana da zafi, ya zage ka ka sha. Kowace shekara da ka bari ta wuce ƙafarka ƙara nauyi take yi.

Sai aka haife ka. Na raɗa maka sunansa, na ce wa kaina ai na girmama shi, alhali ko goron suna ban aika masa ba. Da ka fara rarrafe kana miƙa hagu, innarka takan ɗan buge hannun kamar yadda kowace uwa ke yi. Na hana ta, na ce in ba wurin cin abinci ba kada ta sake taɓa shi. Kana shekara biyar na naɗe maka shi da tsumma da kaina, na tara abokaina a zaure suna kallo ina cewa ga Bahago ya dawo. Da ka girma ka ce kana son koyon gyaran injin jirgin ruwa wurin kawunka, na ce a'a, aikin ƙarfe yana kashe hannu. Ban taɓa zama na tambaye ka me kake so ba. Na lalata Bahago ɗaya, sai na zauna ina ƙera wani a cikin gidana don in ci gaba da kallo. Ranar da ka ce mini, "Baba, ba kai ka koya mini ba?" buta na ɗauka na jefe ka da ita. Kai ke da gaskiya. In Allah Ya ba ka ɗa, kada ka ɗora masa abin da ya rage maka na ƙuruciya, ka bar shi ya ɗauki nasa.

Kamar mako uku kafin ya rasu aka ce ya kwanta a Kurgu, ba ya fita. Innarka ta tsare ni da magana, ta ce mutumin da na cika mata kunne da labarinsa tun tana amarya, yanzu zan bari ya mutu ban taka ba? Na hau babur da hantsi na tafi. 'Yarsa Hauwa ce ke jinyarsa, ita ta shigar da ni. Ɗakin ba kowa, ko takalmin baƙo ɗaya babu a ƙofa. Na zauna a ƙasa, na fara jero maganar da na yi shekara talatin ina shiryawa, ya katse ni.

"Na sani, Garba. Kai kak kawo makaɗa, ta kafar zana nig gane ka. Ban riƙe ka ba, ni nit tashi da ƙahwata. Bar wanga zance, akwai wanda ya fi shi."

Ya sa Hauwa ta kawo waya. Ashe an daɗe da nuna masa bidiyonka, an ce ga takwaransa, kuma ya sa ta ta maimaita masa har ta gaji. Ya ce in matso in duba da kyau. Ni da na kalli bidiyon nan fiye da sau ɗari ina tura wa mutane, ban ga komai ba sai nasara. Shi ya nuna mini yadda bayan kowane bugu kake manna hannun a cinya, yadda kake shiga da kafaɗa kana jinkirta hagun, yadda da aka ɗaga hannunka a ƙarshe ka cije baki. Ya ce haka ya yi a Lolo, ba wanda zai koya masa.

"Ɗanka shina ɓoye ciwo. Kak ka bari shi shiga hwage da hannun ga. Ka kai shi a ɗauki hoton ƙashi, mu lokacinmu ba mu samu ba."

Ka ga yadda na sani. Mutumin da na nakasa, yana kan shimfiɗar mutuwa, shi ya lura da hannun ɗana, ni uban ina can ina alfahari. To me na yi da na dawo gida? Maimakon in zaunar da kai in gaya maka, sai na hau ihu ba za ka Legas ba, ba za ka ba, ban ba ka dalili ko ɗaya ba. Don in na faɗi wanda ya gani sai ka tambaye ni me ya kai ni Kurgu, in ka tambaya sai na kwance maka duk wannan. Na gwammace ka fita daga gidana da fushi da in faɗi laifina. Ko a wannan shekarun ban bar halin ba.

Ka ji an ce ranar sadakar uku ubanka ya haukace a Kurgu. Gaskiya ne. Muna zaune ana addu'a sai ga wasu samari da masu kalangu, wai za a buga taken Bahago na ƙarshe a ƙofar gidansa a ɗauka a waya, masoya su gani. A ƙofar nan dai, wurin da na tsaya. Ban san sanda na miƙe ba. Abin da na faɗa musu ba na rubutawa ba ne, kuma da ba a rirriƙe ni ba da na fasa kalangu ɗaya. Wasu dattawa suna cewa a bar yara, ai ƙauna ce. Hauwa ce ta raba gardamar daga bakin zaure, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce tana godiya da ƙauna, amma tun da ta yi wayo ba ta ga mai ƙauna ko ɗaya ya zo ya zuba wa babanta ruwan alwala ba, don haka a bar shi ya huta. Kowa ya sunkuyar da kai, makaɗan suka juya.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce. Na yi magana da kawunka. Gobe zai kai ka babban asibiti a Birnin Kebbi a ɗauki hoton hannun. Duk kwanakin da likita ya yanka maka, ka cika su cif, ko kwana ɗaya kada ka rage. Ka kira mutumin Legas ka gaya masa gaskiya. In ya ce zai jira, ka tafi in ka warke, da yardata da albarkata, ni da kaina zan raka ka tasha. In ya ce ba zai jira ba, to ka gane abin da yake so a jikinka tun ba ka bar gida ba. In kuma ka zauna ka ga damben ma ba naka ba ne, nawa ne na rataya maka, ka ajiye, injin kawunka yana nan. Ba zan ƙara zaɓa maka ba. Hannun kawai nake roƙo.

Ina cikin mutum uku da suka yi masa wanka. Ni na nema, limamin bai san dalili ba. Da muka cire rigar na ga hannun a fili, karo na farko tun Lolo. Ya tsotse, bai fi na yaro ɗan shekara bakwai ba, yatsun a dunƙule. Muka yi ƙoƙarin miƙar da shi a gefensa kamar yadda ake yi wa kowa, muka sa ruwan ɗumi, muka lallaɓa, ya ƙi. Haka muka naɗe shi a likkafani. A waje ana ta faɗin yadda hannun nan ya kayar da maza, ni ina ciki ina riƙe da shi.

Allah Ya jiƙan Abdullahi Bahago, Ya yafe mini abin da na yi masa. Kai kuma Allah Ya tsare ka a hanya, ko ta Birnin Kebbi ko ta Legas, Ya raba ka da mugun direba da mugun aboki da masoyi irin ubanka. Ya sa ka riƙe salla a duk garin da ka kwana, Ya dawo mana da kai da ƙafarka. Innarka ta ce in gaya maka ba ta iya cin abinci sosai tun da ka tafi.

Na tsufa, Abdullahi, kuma kai kaɗai ne ɗa namiji gare ni. Ranar da tawa ta zo, kai nake so ka shiga ramin ka karɓe ni, ba wani ba. Da hannu biyu ake karɓar gawa.

Mahaifinka,
Garba
Bagudo